Kwana Tara Tsakanin Jalingo da Gembu

Takardar da na rubuta kafin mu tashi tana nan har yau a aljihun jakata, ta yi laushi, ruwa ya wanke rabin tawadar. Wurare bakwai na jera a kanta, kowanne na ba shi kwana ɗaya. Da taswirar waya na yi aikin, na auna tsakanin gari da gari, na ga ai duk cikin jiha ɗaya ne, na ce mako guda ya isa har da saura. Ƙanena, wanda za mu riƙa karɓa-karɓar tuƙi da shi, ya karanta ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, wannan ai lissafin dokin Rano ne." Ban kula shi ba. Kwana tara muka yi a Taraba, kuma wurare uku kacal muka gani gani na ƙoshi.

Abu na ɗaya da na yi daidai tun farko shi ne zaɓen lokaci. Damina a kudancin jihar doguwa ce, tana farawa wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba, kuma muddin ana ruwa koguna ne ke da iko da hanyoyin cikin daji. In kuma ka yi jinkiri har Janairu ya yi nisa, hazo ya sauko ya lulluɓe duwatsun da ka je gani, an kuma ƙone ciyawar tuddai ta koma baƙa. Saboda haka muka tsai da farkon Disamba: ruwa ya ja, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Na biyu, na yi waya ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti tun da sauran mako biyu, na faɗi ranar isowarmu da yawanmu, na kuma tambayi halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro. Shawarar da aka ba ni gajera ce: ku yi tafiyarku da rana, kada magariba ta same ku a hanya, ku riƙo kuɗi a hannu domin sabis ɗin waya ba shi da tabbas.

Mun bar Jalingo bayan sallar asuba. Hanyar ta bi ta Garba Chede zuwa Bali, inda muka fara ganin kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa lokacin da aka fitar da ita daga tsohuwar Gongola a 1991. Wannan ɓangaren ba ni da abin faɗa da yawa a kansa. Zafi ne, da ƙura, da ramukan da ke sa ka rage gudu daidai lokacin da ka fara jin daɗin tuƙi. Sai dai tun daga Bali duwatsu suka fara leƙowa ta kudu, shuɗaye, jere bayan jere, kuma duk sa'ar da ta wuce sai su ƙara tsawo. Da la'asar sakaliya muka shiga Serti. A takardata na rubuta cewa za mu iso da azahar mu shiga daji a ranar. Ƙanena bai ce komai ba, kallona kawai ya yi.

A Serti hedikwatar Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti take. An kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe tsofaffin gandaye biyu, Gashaka da Gumti, kuma shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ɓangaren Gumti da ke arewa ya shiga jihar Adamawa, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Na Gashaka da ke kudu shi ne mai tsaunuka da kurmi, shi muka zo dominsa. Da safe muka je ofis. Aka rubuta sunayenmu, aka tambayi kwana nawa za mu yi da inda muke son kaiwa, muka biya kuɗin shiga, aka ba mu takardar izini, sannan aka haɗa mu da jami'in da zai raka mu. Su can renja suke ce musu. Ba a shiga ba tare da shi ba, kuma bayan yini ɗaya a ciki na daina ganin wannan ƙa'ida a matsayin takura.

Renjan namu dattijo ne siriri, ba shi da yawan magana. Abin da ya fara dubawa takalmanmu ne. Ya ga nawa sabo fil, ya girgiza kai. Sannan ya ce wa ƙanena ya cire baƙar rigar da ke jikinsa ya sa mai haske, domin ƙudan tsando baƙi da shuɗi suke bi. Na nuna masa takardata. Ya bi ta da yatsa a hankali har ya zo kan Chappal Waddi, inda na rubuta "kwana ɗaya". Ya ce, "Malam, dutsen nan ba a yi masa zuwan wucewa. Kwanaki ake yi a ƙafa, da 'yan dako, da tanti, kuma tun kafin ka baro gida ake shirya shi." Chappal Waddi yana kan iyaka da Kamaru, tsayinsa mita 2,419, babu wurin da ya fi shi tudu a duk Najeriya. A gabansa na zare biro na soke shi. Shi ne na farko da ya fita daga lissafi.

Motarmu a Serti muka bar ta, muka hau babura zuwa ƙauyen Gashaka. Wannan hanya ita ta koya mini cewa a nan ba da kilomita ake awo ba, da sa'o'i ake yi. Ka hau tudu, ka gangara, ka sauka ka tura, ka zo bakin ruwa ka naɗe wando. A wata mashiga ruwan ya kai mini cinya, na zame a kan dutse mai santsi na zauna daɓas da jakata a baya. A nan takardar ta sha ruwa. Ruwan kuwa garai-garai, kana ganin tsakuwar ƙasansa, ga sanyi kamar daga randa. Renjan ya ce waɗannan ƙananan koguna, Kam da Gashaka da 'yan uwansu, su ne ke haɗuwa su zama Taraba, ita kuma ta zuba a Binuwai. Wato kurmin da ke kan duwatsun nan shi ke riƙe ruwan damina yana sakinsa kaɗan-kaɗan har tsakiyar rani. Na sha karanta irin wannan bayani, amma ban taɓa jinsa ina tsaye a cikin ruwan da ake magana a kai ba.

Kusa da ƙauyen Gashaka akwai tudun da kufan sansanin Jamusawa yake a kai. Duwatsun ginin ne kawai suka rage, ciyawa ta cinye saura. Wanda bai san tarihin wurin ba zai yi mamakin abin da ya kawo Jamusawa nan. Ai yankin nan a da cikin Kamarun Jamus yake. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Turawan Ingila a matsayin ƙasar amana, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Najeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Shi ya sa har yau ƙaramar hukumar da Mambila take ciki Sardauna ake kiranta. Da yamma muka je wani gurbi mai zurfi a kogin Kam inda dorina ke zama. Mun yi kusan sa'a guda zaune shiru, kunnuwa biyu da hanci kawai muka gani sun ɓullo sun sake nutsewa. Ƙanena ya ce wannan ma a rubuta an gani.

Kashegari muka kama hanyar Kwano a ƙafa, kuma wannan tafiya ita ce zuciyar kwanaki taran. Kwano tsohon ƙauye ne da mutane suka tashi daga cikinsa, daga baya ya zama sansanin masu binciken birai. Tun shekarar 2000 aka fara wani dogon bincike a wurin ƙarƙashin jagorancin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan. Mun tashi da sanyin safiya, muka isa rana ta kusa tsaka. Tun a sa'a ta biyu sabon takalmina ya fara yi mini abin da renjan ya hango. Da muka zauna hutawa na cire safa, duga-dugaina biyu duk sun yi bororo. Ya ciro filasta daga aljihunsa ba tare da ya ce "na faɗa maka" ba, abin da ya fi faɗar ciwo.

Hanyar tana ratsa fili mai doguwar ciyawa, sai kwatsam ta faɗa cikin kurmi, kamar ka shiga ɗaki ka rufo ƙofa. Haske ya ragu, iska ta yi sanyi, ƙasa ta yi taushi da ruɓaɓɓen ganye. Gwaggon biri mun gan su garke-garke, ba su ma damu da mu ba. Wanda ya tsai da ni shi ne wani biri baƙi wuluk mai farin gashi dogo a gefen jikinsa kamar ya yafa alkyabba, da jela mai farin tuntu. Daga reshe zuwa reshe yake faɗawa, gashin na tashi a bayansa. Tsuntsaye kuwa, an ƙirga sama da iri 500 a gandun, renjan yana kiran sunan kowanne daga kukansa tun kafin mu gan shi. Ya nuna mana sawun ɓauna a laka, da inda aladun daji suka tone saiwa da dare.

Abin da ya kawo ni dai birin cimfanzi ne. Irin da ke nan shi ake kira na Najeriya da Kamaru, shi ne mafi ƙaranci a cikin ire-irensa huɗu da ke duniya, kuma Gashaka na cikin wuraren da suka fi saura da yawa. Kwana biyu muka yi muna bin su. Muna tashi tun duhu bai gama washewa ba, mu hau gangare mu zauna mu kasa kunne. Renjan ya hana mu magana, ya hana tari in da hali. A rana ta farko ya ɗaga hannu ya nuna can saman wata bishiya: rassa ne aka lanƙwasa aka saƙa kamar faifai. Sheƙarsu ce ta kwana, kowane dare sabuwa suke yi, kuma daga ɗanyen ganyen ya gane ta daren jiya ce. A gindin wata bishiyar ya tsinto 'yan sanduna uku da aka zage wa ganye, bakinsu ya yi buzu-buzu. Da irinsu suke zaƙulo zuma daga rami, da irinsu kuma suke tsamo kwarkwasa su ci. Wani abin da masu bincike suka lura da shi a nan shi ne ba sa kamun gara da tsinke kamar yadda danginsu na wasu ƙasashe ke yi, alhali ga garar nan birjik. Na juya sandar a hannuna na daɗe ina kallo. Wani ne ya zaɓe ta, ya gyara ta, ya yi aiki da ita, ya yar, jiya-jiyan nan.

Rana ta biyu da hantsi muka ji su. Ihu ne ya fara daga ƙasa-ƙasa, yana hawa yana hawa har ya tsage, wasu suka amsa daga ɗaya gefen kwarin. Sai kuma wani sauti kamar ana dukan ganga mai zurfi: manyan saiwoyin bishiya masu faɗi kamar allo suke duka da hannu da ƙafa. Tsigar jikina ta tashi. Muka bi sautin da sauri iya yadda duga-dugaina suka yarda, muka gangara, muka haura, muka isa wurin, ba kowa sai ɓawon 'ya'yan itace da rassa na rawa. Ban ga cimfanzi ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin za ka gan su a Gashaka, ka rage wani abu daga maganarsa, domin na nan ba su saba da mutane ba, kuma suna da dalilinsu. Na ce wa renjan, "Baba, to yanzu mun yi asara ke nan?" Ya ce, "Su sun gan ka ai."

Kwana huɗu Gashaka ta cinye maimakon ɗaya. Da muka koma Serti na soke wasu wurare biyu da ke can wani ɓangaren jihar, muka fuskanci Mambila.

Yawancinmu sunan Mambila a labaran aikin wutar lantarki muka san shi, megawat 3,050 ɗin nan da ake ta magana a kai shekara da shekaru. Ba a cika gaya mana cewa wuri ne da ake hawa ba. Daga Serti ka wuce zuwa Mayo Selbe, a gindin dutsen, daga nan hanya ta fara nannaɗewa kamar maciji. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan. Ni ke tuƙi, kuma laifin abin da ya faru nawa ne: ban duba ruwan lagireto ba da safe, ga shi na bar na'urar sanyaya mota a kunne. Muna tsakiyar hawa allurar zafi ta miƙe. Muka samu ɗan fili muka raɓe, muka sa duwatsu a bayan tayoyi, muka jira injin ya huce kafin mu taɓa murfin. Minti arba'in muka yi a wurin. Ban yi baƙin ciki ba, domin sai a lokacin na samu damar juyawa na kalli inda muka fito: ƙasar Gashaka shimfiɗe a ƙasa, kurmi na bin koguna kamar jijiyoyin ganye. Wata tsohuwar Land Rover ta wuce mu a hankali, maƙare da kaya da mutane har saman rufi, direban ya ɗaga mana hannu. Irin waɗannan motoci sun fi ni shekaru, kuma har yau su ne jakunan tsaunin.

Kafin mu kai Maisamari kunnuwana sun toshe sun buɗe sau uku. Muka sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo. Tudun Mambila a matsakaici ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. A cikin sa'a ɗaya ka bar wani yanayi ka shiga wani. Abin da ido ke gani ma ya sauya gaba ɗaya. Babu kurmi, babu ƙaya, sai tuddai masu santsi lulluɓe da gajeriyar ciyawa, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gani, da layukan itacen turare da aka dasa kewaye da garuruwa. Shanu ko'ina, jajaye masu dogayen ƙaho, ƙosassu, domin tsando ba ya hawowa nan. A daren farko rigar sanyin da na kawo ba ta yi komai ba, sai da na haɗa da bargo biyu. Alwalar asuba kuwa sai da na yi shawara da zuciyata.

Wuri na biyu da muka ba lokaci shi ne kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa. Daga nesa ba ka ganinsa. Kana tafiya a kan ciyawa, sai ƙasa ta karye a gabanka, ga kurmi baƙi-ƙirin kwance a jikin gangaren. Iyakarsa da ciyawar kamar an ja da wuƙa, kuma wutar rani da kiwo ne suka ja layin: duk ɗan itacen da ya tsiro a waje, ko wuta ta cinye shi ko kofato ya take shi. Irin wannan kurmin kan tsauni kaɗan ne ya rage a ƙasar nan. Akwai tashar bincike a bakinsa, wadda Dakta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan ta assasa, kuma matasan ƙauyukan kewaye ne ke yawancin aikin. Wani daga cikinsu ya zaga da mu. Ya nuna mana filin da aka killace aka hana wuta da shanu shiga, inda ƙananan itatuwa suka fara dawowa da kansu, yawanci daga irin da tsuntsaye suka kayar. Ya san kowace bishiya da lambarta. A cikin kurmin gansakuka ta rufe rassa, ruwa na ɗiga ko da ba a yi ruwan sama ba. Gangarawa ba wuya. Hawowa ne na gane cewa iskar sama ba ta cika ƙirji kamar ta ƙasa: duk taku ashirin sai na tsaya, ina yi kamar hoto nake ɗauka.

Kakara, inda gonakin shayi suke, rabin yini muka yi mata. Kyakkyawa ce ƙwarai, layuka kore shar an aske su daidai ƙugu suna bin jikin tudu, masu tsinka na ɗaukar ganye biyu da toho ɗaya daga kowane kai. Tsayi da sanyi da yawan ruwan sama ne suka sa shukar ta karɓi wurin. Amma bayan Kwano da Ngel Nyaki, sai na ji kamar na fito daga daji na shiga lambun wani. Wanda ya zo da iyali ko dattawa, nan ya fi dacewa ya fara, domin ba a wahala.

A Gembu, hedikwatar Sardauna, muka yi kwana biyun ƙarshe, kuma ita ce wuri na uku. Ba mu yi wani abin kirki ba in ban da tafiya. Mu fita da safe lokacin da raɓa ke kan ciyawa, farin gajimare kwance a cikin kwari ƙasa da ƙafafunmu, mu zaɓi wani tudu mu nufe shi. A nan ido yana ruɗin mutum: tudun da ka ce minti ashirin ne, sai ka yi sa'a ɗaya da rabi, domin tsakaninku akwai kwari biyu da ba ka gani ba. Daga sama muka hango kogin Donga yana lanƙwasa a ƙasa, shi ma daga tsaunin nan yake fitowa ya tafi Binuwai. Rana a nan ba ta da zafi a jiki amma tana ƙuna, na gane haka da dare da wuyana ya fara raɗaɗi. Ƙanena ya tambayi wani makiyayi ko ana hango Chappal Waddi daga inda muke. Mutumin ya nuna gabas da sandarsa, inda duwatsu suka haɗe da sama. Mun ce mun gani, amma ni dai ban san wanne ne a cikinsu ba.

Ranar saukowa ƙanena ya karɓi tuƙi. Direbobin tsaunin sun riga sun ja mana kunne: saukowa ta fi hawa haɗari, ka sa mota a giya ta ɗaya ko ta biyu ka bar inji ya riƙe ta, in ka dogara da birki zai yi zafi ya daina kamawa. Haka ya yi, motar na gurnani, ni kuma ina taka birkin da babu shi a gefena. Duk kwanar da muka sha sai iska ta ƙara ɗumi. A Mayo Selbe muka tsaya don tayoyi su huce, ƙaurin birki na tashi, muka tuɓe rigunan sanyi muka cusa a but, gumi ya riga ya fara keto mana. Na juya in ɗauki hoton dutsen daga ƙasa, na tarar hazon farko na shekara ya iso, rabinsa na sama ba a gani.